Tsohon Madugu a Ɗakinmu na Badi'a

Yanzu ba wanda yake iya jira. Ina zaune a ƙofar gida da yamma, samarin unguwa suna wucewa kowa da waya a hannu, ana buga wasa a can wata duniya, kafin ƙwallo ta gama shiga raga har sun yi ihu, sun yi zagi, sun manta. Kwanan baya wani ɗan ƙanena ya same ni ina kallon maimaicin wani wasa a talabijin, ya leƙo ya ce, "Baffa, ai wannan tun jiya aka gama shi, masu jar riga ne suka ci." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, wai ya hutar da ni. Ni kuwa sai na tuna cewa a wani ɗaki da na taɓa zama a Riyad, maganar nan da ya yi ta isa a hana shi shayi, a kuma daɗe ana amsa masa gaisuwa a daƙile. Tun ranar nake ta tunanin ɗakin nan da mutanen da muka zauna a cikinsa.

Ɗakin yana unguwar Badi'a, can ƙololuwar wani bene, kusa da tankunan ruwa. Mu huɗu ne a ciki. Ni Habu, direba, a lokacin gemuna baƙi wuluk, ina hawa benen nan da gudu ban san gwiwa tana ciwo ba. Akwai Ɗanlami, Bazazzagi sarkin surutu, yana aiki a wani gidan abinci, kullum rigarsa tana ƙanshin gasasshiyar kaza. Akwai Adamu ɗan Gombe, mai tuƙa tankar ruwa, wanda in ya buɗe baki sau uku a yini sai mu tambaye shi ko lafiya. Sai Baba Isuhu, mutumin wajen Maraɗi, babbanmu, maginin ƙasa, yana cikin masu gyaran tsoffin gidajen laka na Dir'iyya. Ya shigo ƙasar tun mu muna wasan ƙasa a gida. Shi yake tashinmu da asuba, ya daki ƙafar kowa da carbi yana cewa, "Ku tashi, ba kwana yak kawo mu ba." Har yau in na rufe ido ina jin tsohuwar na'urar sanyaya ɗakinmu tana tari kamar akuya, da kukan ƙofofin shaguna in ana jawo su ƙasa lokacin salla, da ladanai daga masallatai barkatai, wannan yana kamawa wancan yana saki. Juma'a ce kaɗai ranarmu. Da safe wanki da aski, mu je masallaci, mu dawo Baba Isuhu ya buɗe gwangwanin kuka da daddawa da yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, a tuƙa tuwo, mu ci mu yi gumi mu ji kamar muna gida.

Ni na kawo wasan cikin ɗakin, ko kuma in ce aiki ne ya kawo shi. Ina tuƙa wani Ba'amurke injiniya, mutum mai sauƙin kai, mu dai Injiniya muke ce masa. Na lura duk safiyar Litinin fuskarsa iri biyu ce: ko ya fito yana fito da baki, da hular ƙungiyar garinsu a kai, ko ya fito kamar an yi masa rasuwa, ya shiga mota ko gaisuwa da ƙyar. Rannan na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ai kuwa na jawo wa kaina, tun daga gida har wurin aiki yana ta bayani, hannu yana tashi, ban fahimci ko rabi ba. Abin da na gane shi ne ƙwallon ƙasarsu ce, ana buga ta lokacin da mu muke barci, shi ya sa yake naɗa a faifai. Da yamma ya miƙo mini faifan ya ce in je in gani da idona. Muna da wata tsohuwar talabijin da na'urar faifai da Adamu ya samo a kasuwar gwanjo, ba abin da muke kallo da su sai wa'azi da finafinan gida da muka haddace. Ranar Juma'a bayan tuwo na saka.

Mun sha dariya ran nan. Ga ƙarti kamar buhunan gero, kowa da hular kwano, an cusa musu wani abu a kafaɗa, su durƙusa su fuskanci juna, sai kawai su rufta wa juna, a hura usur, kowa ya tashi ya karkaɗe jiki, a sake. Ƙwallon ma ba ƙwallo ba, wata aba ce kamar gwanda. Ɗanlami ya ce wannan faɗan 'yan tasha ne aka sa wa tufafi. Baba Isuhu kuwa yana jan carbi yana kallo ta gefen ido. Can wani siriri ya rungumi gwandar ya tsere, ƙartin suna tare masa masu binsa, har ya kai ƙarshen fili, jama'a suka ɗauki ihu. Sai Baba ya buga cinya ya ce, "Kai! Wagga ai langa ce! Langa ce ta masu ƙahwa biyu! Ga ruwa can, ga masu tare mishi, ya kai gida ya sha. Mi ad da wuya ciki?" Shi ke nan, abin da Injiniya ya kasa fahimtar da ni da Turanci, Baba ya warware shi da wasan dandali. Daga baya muka gane sauran a hankali, cewa dama huɗu ake ba ka ka matsa gaba, in ka kasa ka miƙa wa abokan gaba. Amma a ɗakinmu har aka gama ba mu taɓa cewa an ci ba, sai dai a ce ya sha.

Dokar kuwa Baba ne ya kafa ta. Duk mako Injiniya yana ba ni sabon faifai. Tunda wasan ana buga shi farkon mako, mu kuma sai Juma'a muke samun zama, ya ce duk wanda ya ji sakamako a waje ya haɗiye abinsa. Ba faɗa, ba alama, ba murmushi, ba tsaki. "Abincin da wani yat tauna maka, ba ka jin daɗinai," haka ya ce. Wahalar duk a kaina ta ƙare, domin ni tun safiyar Litinin na sani, hular Injiniya ta gama faɗa mini. Haka zan yi ta yawo da labari a ciki kamar mai riƙe da fitsari, in shigo ɗaki Ɗanlami ya kafe ni da ido, yana cewa, "Habu, yau kamar kana da walwala." In ce masa albarkar iyaye ce. In na shigo da gajiya ya ce, "Shi ke nan, sun kashe mu." Sai da na koyi wata fuska wadda ba ta cewa komai, har matata da na je hutu ta tambaye ni ko wani abu ta yi mini. Yaran yanzu ba za su gane daɗin wannan jiran ba. Mako guda muna gardama a kan abin da ya riga ya faru, muna yi wa mutane addu'ar nasara a wasan da tuni sun yi wanka sun koma gidajensu.

Sunan ƙungiyar garin su Injiniya bai taɓa zama a bakinmu ba, mutanenmu muke cewa, kamar da su aka yanke mana cibiya. 'Yan wasan ma mu muka raɗa musu suna. Akwai Barewa, siririn nan mai gudu, wanda in ya kama hanya sai dai a bi shi da kallo. Akwai Bajimi, ƙaton da yake tsaye a tsakiya, wanda Adamu yake ƙauna saboda shi ma ba ya magana, turewa kawai yake yi. Akwai Mudir, wato manaja, mai bugun ƙafa: yini guda yana zaune a benci cikin bargo, sai an gama wahala ya taso da tsabtatacciyar riga, ya buga sau ɗaya ya koma ya zauna. Ɗanlami ya rantse irin aikin da ya zo nema Saudiyya ke nan aka ba shi wankin tukwane. Sai kuma Madugu, mai jefa ƙwallo, wanda kowa yake jiran umarninsa kafin a motsa. Shi ne tsohon cikinsu. In ya cire hular kwano za ka ga furfura a gemunsa, in ya tashi daga ƙasa sai ya ɗan dafa gwiwa. Injiniya ya gaya mini masu sharhi a can sun ce ya ƙare, hannunsa ya mutu, ya kamata ya ba yara wuri. Da na kawo wa Baba wannan labari sai ya gyara zama ya ce, "To, wanga shi an nawa."

Matsala ɗaya muka samu. A tsakanin wasa akan nuno 'yan mata suna rawa a gefen fili, tufafin nasu ba a magana, ga tallace-tallace da ba su fi su kunya ba. Na'urarmu ta gwanjo ba ta da rimot, maɓallin gaba kuma in ka taɓa shi sai ya mayar da kai farkon faifai. Baba ya ce shi ba zai dawo daga masallacin Juma'a ya zubar da ladansa a gaban talabijin ba. Aka yanke shawara a riƙa sa labule: da an nuno su, mutum ɗaya ya tashi ya shimfiɗa rawani a gaban gilashin, a rage murya, har su wuce. Ɗanlami ya yi wuf ya karɓi aikin. Sai daga baya muka gane dalili, domin mai labule shi kaɗai ne yake da izinin leƙawa ya ga ko an dawo wasa. Yakan leƙa ya daɗe. Baba ya ce, "Ɗanlami, ba su wuce ba?" Ya ce, "Baba, ina dai tabbatarwa." Adamu, da ba ya magana, ya ce, "Allah ya saka maka da wannan sadaukarwa." Mun yi dariya har tuwo ya nemi dawowa.

Shekarar nan mutanenmu suka yi ta ci kamar an yi musu baiwa. Muka fara kallo ana zafin da yake narka kwalta, har sanyin Riyad ya shigo, mai shiga ƙashi, muka koma kallo cikin barguna da butar shayi a tsakiya. Sun faɗi sau ɗaya ko biyu, ranakun nan ko kwanukan ba a wanke da wuri ba. Amma yawanci sai an kai ƙarshe ana bin su, tsohon nan ya tara yaransa, su haɗa kai ya yi musu magana, ya ja da baya, ƙarti suna zubo masa, ya saki ƙwallo a daidai lokacin da za a danne shi, Barewa ya cafe a can nesa. Baba yakan miƙe tsaye, carbi yana lilo, yana cewa, "Ku gani! Ba ƙarhi ba ne, sanin wuri ne!" Wata Juma'a aka yi wa Madugu wani irin kaye, ya kwanta bai motsa ba. Wallahi na ga leɓen Baba yana motsi da addu'a. Da ya tashi yana ɗingishi ya ƙi fita daga fili, Baba ya share ido da gefen bargo ya ce hayaƙin shayi ne.

Cikin sanyin nan ne Baba ya dawo daga aiki wata rana da wuri, ya zauna a bakin katifa bai cire takalmi ba. Kamfaninsu sun ce ba za su sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama, shekarunsa sun wuce. Za a buga masa fita ta ƙarshe, ya koma gida. Mun san ranar za ta zo, ba wanda ya zo ƙasar nan don ya dawwama, kuma Baba yana da gida da iyali da jikoki suna jiransa. Ba komawar ce ta dame shi ba, yadda aka faɗa masa ne. Wani yaro a ofis, sa'an ɗansa, ya dube shi ya ce, "Halas, shi ke nan, ya hajji, ka tsufa." Baba ya ce mana, "Bangon da ni ɗora bara yana nan tsaye. Hannuna bai rawa. Amma an ce na ƙare. In na tahi gida, mi za ni ce? Na gama aiki na dawo, ko an koro ni?" Muka yi ta ba shi baki, bai ji ba. Daga ranar ya rage cin abinci, ya daina dukan ƙafarmu da asuba, sai dai ya kira sunanmu a hankali. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na ga inda ni ma na dosa.

Abu ɗaya ne ya rage yana tayar masa da kai, Juma'a. Mutanenmu sun shiga wasannin da in ka faɗi ka fita, suka tsallake na farko, suka tsallake na biyu da ƙyar, sai ga su a wasan ƙarshe na cin kofi. Ran nan Baba ya ci tuwo har da ƙari. Ya nuna Madugu a gilashi ya ce, "Ni da wanga tsoho tahiyarmu guda. Shi ma sun ce ya ƙare. In ya ɗauki kofin ga, to ba su san abin da su ka hwaɗi ba, ni ma in tahi gida da kaina sama." Ɗanlami ya ce, "Baba, in kuma ya faɗi fa?" Ni kuwa na taka wa Ɗanlami ƙafa. Sai ga tikitin jirgin Baba ya fito. Wasan ƙarshe za a buga shi wayewar garin Litinin, jirgin Baba kuma ranar Talata da magariba. Juma'ar da muka saba ba za ta same shi a ƙasar ba.

Muka yi shawara a bayan idonsa, a kan bene wajen tankuna. Ba yadda za a yi Baba ya bar ƙasar nan bai ga ƙarshen tafiyar Madugu ba, kuma ba a bakin wani zai ji ba, da idonsa zai gani, tare da mu. Ke nan dole mu mai da Talata ta zama Juma'a. Wanda bai yi zaman ƙasar ba zai ga kamar abin wasa ne, amma a lokacin ka ce wa kafil, mutumin da zamanka yake hannunsa, kana son hutu a tsakiyar mako, ba ƙaramar kasada ba ce. Adamu ya yi musayar aiki da wani Basudane, ya ɗauki Juma'o'insa biyu. Ɗanlami ya ɗaure muƙamuƙi da ƙyalle tun ranar Lahadi yana nishi a gaban mai gidan abincin, wai haƙori. Ni kuwa gaskiya na gaya wa Injiniya. Ya ce in ɗauki yinin, in ɗauki motar ma in kai tsohon filin jirgi. Safiyar Litinin na je ɗaukarsa, na ga abin da na gani. Ba zan faɗa muku yanzu ba, ku ma ku ɗanɗana abin da na ɗanɗana musu.

Litinin ɗin nan mun sha aiki, domin wasan ƙarshe ba kamar sauran ba ne, har tashoshin Larabawa suna nuna shi a labarai. Baba kuma ya ce sai ya shiga kasuwa sayen tsaraba, dabino da turare da dogayen riguna na jikoki. Ɗanlami, da ƙyallensa a fuska, ya zama ɗan rakiya. Duk shagon da ya hango talabijin a ciki sai ya ja hannun Baba ya ce kayan nan jabu ne, a yi gaba. Suka biya wajen wani wanzami ɗan Filifin da ya san muna bin wasan. Mutumin yana ganin Baba ya washe baki ya ce, "Sadiƙ, abokina! Ka ga wasan jiya?" Ɗanlami ya ce bai san lokacin da ya fasa wani irin ihun ciwon haƙori ba, ya faɗa kan kujera yana shure-shure, har wanzamin ya manta da zancen ya tafi neman ruwan gishiri. Baba ya fito ba a yi askin ba, yana dariya har da riƙe ciki. Rabon da mu ji dariyarsa tun kafin maganar iƙama.

Talata da hantsi muka zauna, akwatunan Baba a ɗaure a bakin ƙofa, an juye sauran kukar duka a tukunya. Wasa ya yi zafi tun daga farko. Abokan gaba suka sha, mutanenmu suka rama, Bajimi ya ture mutum biyu a lokaci ɗaya har Adamu ya yi kabbara. Aka kai hutun rabin lokaci, sai aka shiga wani shagali na kiɗa da rawa wanda ba mu taɓa ganin mai tsawonsa ba. Ɗanlami ya riƙe labule har hannunsa ya sage, muka yi azahar muka dawo ba a gama ba, ya ce yau kam ya tuba, wani ya karɓe shi. Aka dawo wasa, aka yi ta ja. Can wajen ƙarshe mutanenmu suna baya da kaɗan, lokaci ya kusa cika, ƙwallo tana hannun Madugu, ga fili mai tsawo a gabansa. Ya jefa, aka cafe. Ya sake jefawa, aka cafe. Aka kayar da shi, ya tashi yana dafa gwiwa, ya tara yaransa. Baba yana tsaye, bargo ya zame daga kafaɗarsa. Suka jeru, suka durƙusa, Madugu ya ɗaga kai ya dubi hagu ya dubi dama. Sai gilashin ya koma shuɗi.

Adamu ya daki na'urar. Na cire faifan na goge da riga na mayar, ya koma farko. Ba lalacewa ya yi ba, cika ya yi. Shagalin nan da muka yi ta rufewa da rawani shi ya cinye wurin, Injiniya kuma bai duba ba. Ga la'asar ta gabato, ga hanyar filin jirgi da nisa. Adamu ya zaro wayarsa, shi kaɗai ne mai babbar waya a cikinmu, ya ce, "Baba, in nemo?" Ɗanlami ya ce, "Wace waya, ga Habu nan ya sani tun jiya. Habu, don girman Allah ka faɗa." Duk suka juyo kaina. Baba ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ni kuma na saka fuskar nan tawa. Sai ya sunkuya ya ɗauki bargonsa ya ninke. Ya ce, "A'a. Ku bari. In ya hwaɗi, ban son in hau jirgi da shi. Na bar shi tsaye, ƙwallo na hannunai. Ku ɗauko kaya."

A mota muka bi ta hanyar da take kallon Dir'iyya, Baba ya juya yana duban ginin laka daga nesa har ya ɓace. Ni ina tuƙi, maganar tana cina, amma mutum ya ce kada a faɗa masa, kuma dokarsa ce, ban taɓa karya ta ba. A filin jirgi muka auna kaya, muka yi sallama a inda masu rakiya suke tsayawa. Ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce mu yafe masa dukan carbi, ya ce wa Ɗanlami ya ji tsoron Allah ya cire ƙyallen nan. Ni ya riƙe hannuna ya ce, "Habu, ka iya riƙon amana." Ya shiga layi da 'yar jakarsa, kafaɗunsa a sunkuye, ya zama wani ɗan ƙaramin tsoho a cikin jama'a. Aka buga masa hatimi, ya wuce bayan gilashi, inda murya ba ta kaiwa.

Ya yi 'yan taku, sai ya tsaya. Mutane suna ratsa shi ta ko'ina. Ya juyo ya neme ni da ido har ya same ni, ya ajiye jakar a ƙasa, ya buɗe tafukan hannunsa biyu yana tambaya. Ya kasa tafiya da rashin sani. A wasan nan, in mutum ya kai gida, alƙali ba ya magana, hannuwansa biyu yake miƙewa sama. Na miƙe nawa biyun sama, iyakar tsawonsu, hawaye yana zubo mini. Ɗanlami da Adamu, da su ma sai a lokacin suka sani, suka kurma ihu a tsakiyar filin jirgin Riyad, Adamu yana tsalle kamar yaro, wani askari, ɗan sandan wurin, ya nufo mu yana faɗa. Ban ko kalle shi ba. Ina kallon Baba Isuhu a bayan gilashi, shi ma ya ɗaga nasa hannuwan, bakinsa a buɗe, yana dariya yana kuka. Sannan ya sauke su, ya gyara zaman hularsa, ya ɗauki jakarsa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ya juya ya nufi jirgi da kafaɗunsa a miƙe, irin tafiyar mutumin da ya gama aikinsa ya tashi.